Ɗiyan Zabbin Arzika

Ƙwan ya ƙyanƙyashe ne ana tsakiyar zaman makoki. Ina zaune a bakin gado, ɗaki cike da mata, wadda duk ta shigo ta ce "Mashkura, ya haƙuri," ni kuma in ce "da godiya," sai na jiyo wani ɗan kuka siriri daga wajen akurki. Na san kukan. Ɗan tsakon kaza ba haka yake yi ba, na zabo ne. Na miƙe na ratsa ta tsakanin ƙafafun mutane na fita. Wata tsohuwa ta ce a bayana, "Ku bi ta, kar ta faɗa rijiya." Rijiyar me? Kaji na je dubawa.

Maigidana Arzika a gulbi ya rasu. Yanzu da ba ya nan ne nake iya faɗin sunan, da can sai dai in ce Baban Safina. Jirgin da ya ɗauko su daga kasuwar Lolo ne ya kife da yamma, aka tsamo wasu da rai, shi sai washegari aka gan shi. Aka kawo shi, aka yi masa wanka, aka kai shi. Ni dai ina kallo. Mutane suna ta kuka, har da waɗanda ba su taɓa amsa masa sallama da daɗin rai ba, ni kuwa ƙirjina ya yi tsit. Ba na jin yunwa, ba na jin ƙoshi. In an ce ci, in ci. In an ce kwanta, in kwanta.

Kafin wannan kasuwar ya tsallaka Madekali, can ɓangaren Benin, wurin wani abokinsa cikin Dandawa, ya dawo da ƙwan zabbi a ƙwarya an shimfiɗa musu ƙaiƙayi. Wasu irin fararen zabbi ne manya, damina biyu yana cika min kunne da zancensu har na ƙosa. Da hannunsa ya jera ƙwan a ƙarƙashin jar kazata da ta fara kwanci, yana yi yana bismilla kamar mai ɗaurin aure.

"Bana kam kin ga zabbi," in ji shi.

Na ce, "Mu ga sun fito tukuna."

To, sun fito. Shi ne bai gani ba. Na durƙusa a bakin akurki na ɗaga fiffiken kazar, ga su nan sun kai ashirin da 'yan kai, jiƙe-jiƙe, ƙafafu kamar tsinken tsintsiya. Abin da ya fara na ƙarshe a duniya ke nan, bai ƙarasa ba. Ban tsaya wani dogon tunani ba, don kaina ba ya ɗaukar tunani a lokacin. Abu ɗaya kawai ya zauna min: waɗannan ba za su mutu a hannuna ba.

Ɗan zabo kuwa ba ɗan kaza ba ne. Ɗan kaza ka watsa masa tsakin dawa ya rayu abinsa. Ɗan zabo raki gare shi. Sanyi kaɗan ya mutu, raɓa ta taɓa shi ya mutu, in kuma bai samu gara ba a kwanakin farko, sai ka ga ya saki fikafikai yana gyangyaɗi a tsaye. Gara ce namansu. Arzika a wurin Dandawa ya koyo yadda ake kama ta. Tsohuwar tukunya zai samu, ya cusa busasshen kashin shanu da totuwar masara da guntayen kara, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a kan hanyar gara, ya ɗora ganye don inuwa. Washegari kafin rana ta yi zafi tukunya ta cika da farar gara mai taushi. Yana da tukwanensa a gona ƙarƙashin ɗorawa, da guda ɗaya a garka bayan ɗakina.

Mutum ne mai son bayani, ko ba a tambaye shi ba. Wata rana a gona ina tsinkar kuɓewa ya ƙwala min kira, wai in zo in ga ikon Allah. Na zo a guje na zaci maciji ne, ashe gara ce ke tafiya a jere. Ya sa yatsa ya goge ƙasa a tsakiyar layin. Nan take na baya suka rikice, suna ta dawurwura kamar baƙi a tasha.

"Kin gani? Ba su da ido, da wari suka magana. Ta gaba ta shafa wari ga ƙasa, ta baya ta bi. Na share musu hanya ke nan."

Na ce, "To sannu malamin gara. A kan wanga ka raba ni da kuɓewata?"

Amma zancen sojojinsu na riƙe shi, don kullum a gabana yake yi. A cikin gara akwai masu aiki, farare, su ne abincin. Akwai kuma sojoji masu jan kai. Na babban suri cizo suke yi. Na jiɓa, wato ƙaramin surin nan mai duhu da ke cikin ciyawa, ba su da bakin cizo, wani tsini ne a goshinsu, da shi suke fesa danƙo mai wari kamar an haɗa kananzir da ɗanyen ƙaro. Tururuwa in ta taɓa shi nan take maƙalewa. Kuma warin nan kira ne, in ɗaya ya fesa sai sauran sojojin su yo wurin gaba ɗaya. Ko a tukunya akan samu irinsu 'yan kaɗan, da wannan kiran Arzika ke yi musu wayo. In ya juye gara a faifai, sai ya murƙushe soja ɗaya a bakin kara, ya ajiye karan a gefe. Jim kaɗan sojoji sun yi cincirindo a jikin karan suna neman abokin faɗa. Ya ɗauke karan ya jefa a murhu, abin da ya rage ya ba 'yan tsaki. Jiɓa kuwa ya ce ko kusa, sojojinta sun yi yawa, ba abincin ɗiyan zabbi ba ce.

Yayata Rabi'atu ta zo daga Kurgu ta zauna da ni. Safina, 'yarmu ɗaya, tana aure a Bagudo da tsohon ciki, bayan sadakar bakwai mijinta ya zo ya ɗauke ta. Yaya mace ce mai kirki, irin kirkin nan mai gajiyar da mutum. Ita ta tsefe min kitso, ta kwashe kwalli da turare ta ɓoye, ta ba ni wata 'yar wuƙa ta ce in riƙa riƙewa ko bayan gida za ni, haka mai takaba ke yi. Ta hana ni shara, ta hana ni daka, ta hana ni jan guga. Zaure kuwa ko leƙe. Ban yi mata musu ba. Ina za ni da ma?

Kwanakin farko tukunyar garka ta wadatar da mu. Da asuba in na yi sallama sai in zagaya baya in ɗaga ta, in juye a faifai, in sa kara, in jefa a murhu, in watsa musu. Da yamma in sake cusa ta in kife. Aikina ke nan a duniya. Ina jin Yaya tana gaya wa mata a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa wai kar in ji, "Ba ta kuka, ba ta magana, sai kaji." Ina ji sarai. Bai dame ni ba.

Sai aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar garka ta zube a kan tukunyar ta fashe, wurin ya zama kududdufi, gara ta ƙaura. Na kafa wata tukunyar a tsakar gida, na duba na sake dubawa, ko guda ba ta shiga ba, don ba hanyarta ba ce. Na koma ba su tsaki da dusa. Suna ɗan tsattsaga su bari. Biyu suka saki fikafikai, kafin magariba suka mutu.

Malami wan Arzika ne, ɗan kabu-kabu tsakanin Bagudo da boda. Kullum da safe yakan tsaya a zaure ya gaishe ni ta bayan zana kafin ya fita nema. Ranar na tsayar da shi.

"Yaya Malami, gara nika so."

"Gara? Gara dai wagga? Ai wanga ba aiki ba ne."

"Ka tahi gona ƙarƙashin ɗorawa, tukwanen shi na nan. Ka cusa musu kashin shanu da kara, ka yayyafa ruwa, ka kihe. Gobe da sahe ka ɗauko. Don Allah ban da ta jiɓa."

"To, to, an gama."

Babur ɗinsa a kunne yake yana maganar. Ina jin yadda ya amsa na san rabin zancen iska ta tafi da shi.

Washegari da hantsi matan abokin Arzika suka iso daga Madekali yin ta'aziyya. Sun yi tafiya mai nisa, sun tsallako boda, dole in zauna da su. Hausarsu guntu-guntu, ni kuma Dandanci ban wuce gaisuwa ba, sai muka yi ta zama muna kallon juna ana "Allah shi jiƙan shi" ana amin. Babbar cikinsu ta kama hannuna tana hawaye. Na bar mata hannun. Na ji tsayuwar babur a waje, na ji ya tashi. Can sai na ji sautin taɓarya a turmi, na ce a raina Yaya ce ke daka wa baƙi gero ta dama musu fura.

Warin ne ya shigo ya same ni a ɗaki. Kananzir da ɗanyen ƙaro. Har ƙaramar cikin baƙin ta toshe hanci da gefen mayafi tana waige-waige. Na zare hannuna na fita.

Buhun taki ne a yashe a gindin turmi, cike da ɓaraguzan ƙasa mai duhu. Jiɓa. Malami bai je gona ba, a bakin hanya ya ga abinsa ya sare da fartanya ya zuba a buhu. Yaya kuwa ta shimfiɗa tabarmar kaba a tsakar gida, ta baza abin da ta daka, ya yi laushi luƙui kamar garin tuwo, ya jiƙe yana ƙyalli. Ɗiyan zabbi duk suna kai, suna ci da haɗamar yunwar kwana da kwanaki.

Yaya ta ɗago tana murmushi, taɓarya a hannu, zufa a goshi.

"Na hutasshe ki. Ƙasar ta yi tauri, ba su iya fasa ta, shi ne na ɗan daka musu. Koma wurin baƙinki."

"A turmi?"

"To a ina?"

"Yaya, a turmi kinka daka gara? Gero ce? Da sojojin da komi?"

"Wane sojoji kuma? Ke Mashkura, lahiya?"

Na fizge tabarmar na watsar da abin bayan zana, kazar ta taso min da tsattsaga na make ta. Na kama ɗaya na duba. Bakinsa ya liƙe da danƙo da ƙasa, yana son buɗewa ya kasa, ɗan maƙoshinsa ya cika tam. Na kama wani, haka. Duk gubar da Arzika ke wahalar raba su da ita da kara, Yaya ta kirɓa ta cikin abincin ta gauraya, don ta hutasshe ni. Na ce, "Haba Yaya! Haba! Wa ya aike ki? Na ce miki na gaji?" Muryata har ta ba ni mamaki, don tun ranar gulbi ban ɗaga ta ba. Baƙi suka fito bakin ƙofa suna kallo. Yaya ta jingine taɓarya a hankali, ta ce ita wallahi alheri ta nufa. Na sani. Shi ya sa ma ban san wa zan zaga ba.

Na ɗora ruwa ya yi ɗumi, na yagi gefen tsohon zane, na zauna a ƙasa ina goge musu baki ɗaya bayan ɗaya. Na ɗiga musu man gyaɗa da tsinke. Babbar baƙuwar ta tattare zanenta ta zauna kusa da ni tana riƙe min su, ta shinshina yatsunta, ta girgiza kai, ta faɗi wata kalma da yarensu. Ban tambaye ta ma'anarta ba. Da la'asar suka yi sallama suka tafi, don kar dare ya yi musu a boda. Lokacin ɗiyan zabbi sun fara zama. Ɗan zabo mai lafiya ba ya zama da rana. Suka taru a gindin bango, ido a lumshe, wani ruwa na fita a bakinsu.

Da gari ya waye na ɗaga kazar na riƙa zaro su daga ƙarƙashinta. Sun sandare, ƙafafu a miƙe. Na jera su a bakin zana. Na tsaya ina kallonsu ina jiran in ji wani abu. Shiru. Ƙudaje suka fara zuwa, Yaya ta zo da fartanya ta kwashe su ta kai garka.

Uku suka rage. Su ne ƙanana da manyan suka riƙa turewa a kan tabarma, ba su samu da yawa ba. Suna tsaye, amma da ƙyar. Na watsa tsaki, ko kallo ba su yi ba. Na dafa ƙwai na murmushe gwaiduwar, ɗaya ya taɓa da baki ya juya kai. Na san abin da za su ci. Abu mai motsi suke so, fari, mai taushi. In suka samu yau, mai yiwuwa su tashi. In ba su samu ba, gobe fartanya ce.

Na shiga ɗaki na zura hijabi, na ɗauki ƙwarya da faifai. 'Yar wuƙar tana hannuna, na saba da ita har na manta ina riƙe da ita. Yaya ta tare ni a bakin zaure.

"Ina za ki?"

"Gona."

"Innalillahi! Mashkura, takaba kika yi. Ko arba'in ba a yi ba."

"Na sani. Ni anka yi wa mutuwar."

"Mutane mi za su ce? A kan tsuntsu? Ki rufa mana asiri."

Malami yana zaure, ya zo gaisuwar safe, an riga an gaya masa. Ya miƙe tsaye, hula a hannu. Rabon da in ga fuskarsa tun ranar jana'iza, sai ta bayan zana. Ya rame, ido ya faɗa. Shi ma ƙaninsa ya rasa, na san da haka.

"Koma ciki, ki yi haƙuri. Bari ni in tahi."

"Ka tahi jiya."

Ya matsa gefe na wuce.

Dattawa na zaune a gindin dalbejiyar masallaci suna hira. Da suka hango ni hirar ta mutu. Wani ya yi gyaran murya. Mata suka leƙo ta saman zana, na ji wata ta ce "Ba matar Arzika ba ce?" wata ta ce "Ita ce, Allah sarki, abin ya taɓa ta." Oho. Su ce mahaukaciya, su ce marar kunya. Da a da ne da na tsaya na ba kowace amsarta daidai da ita, don ba a san ni da haɗiye magana ba. Ranar kuwa maganar ta bi ta kaina ta wuce. Rana ce kawai ta dame ni, idona ya kwana biyu bai ga fili ba.

Gonar ba kusa take ba. Na bi gefen fadama, shinkafar mutane ta yi kore shar, taɓo na cin takalmina. Na iske masararmu ciyawa ta kusa shanye ta, ba wanda ya yi mata maimai. Fartanyar Arzika tana rataye a reshen ɗorawa inda ya bar ta, ta fara tsatsa. Tukwanen suna nan a kife, ganyen da ya ɗora musu ya bushe ya zama gari. Na sa wuƙar na ɓanɓare ta farko. Nauyi kamar dutse. Gara ta daɗe da cinye abin da ya cusa, ta cike gurbin da ƙasa ta tafi abinta. Ta biyu haka. Duk haka. In na cusa su yanzu sai gobe, ni kuwa ba ni da gobe.

Na zauna a gindin ɗorawar. Ban san iya zaman da na yi ba. Wallahi ba tunani nake ba, zama ne kawai. Sai idona ya kai kan burtalin da ke gefen gona, inda shanun Fulani ke bi zuwa gulbi. Kashin shanu birjik, wani ya bushe ya yi fari. Na tashi na je na kifar da ɗaya da ƙafa. Babu. Na kifar da wani. Ga ta nan, ta ci cikinsa ta yi rami-rami, fara tas, tana gudun haske.

Na durƙusa na fara. In ɗaga, in kakkaɓe a faifai, in wuce gaba. Wani a samu 'yan kaɗan, wani ba komai sai kunama, wani sai tururuwa. Dole da sauri, don in ka taɓa guda, na kusa da ita duk sun ji, kafin ka kai hannu sun shige ƙasa. Na bi burtalin nan da gwiwa, hijabi ya jiƙe da zufa ya kwashi ƙasa. Wani Bafulatani ya zo wucewa da shanunsa, ya tsaya ya dube ni, ya ce "Sannu inna," ya karkata dabbobinsa don kar su take ni. Na ce yauwa. Da na ga ta rufe gindin faifai, na koma inuwa, na tsinci soja ɗaya mai jan kai na murƙushe a bakin kara na ajiye a gefe. Suka taru a jiki. Na yar da karan cikin ciyawa, na juye sauran a ƙwarya, na rufe da faifai da ɗanyen ganye don kar rana ta kashe ta.

A hanyar dawowa na jiyo kiran azahar daga nesa. Na ƙara sauri. Ƙwaryar na rungume a ƙirji, ina jin motsinsu a ciki sis-sis. Gindin dalbejiya ba kowa, duk sun shiga masallaci. Babur ɗin Malami na jingine a ƙofar gida, bai fita nema ba. Yana zaune a zaure, kai a ƙasa, na yi sallama ya amsa bai ɗago ba.

Yaya na zaune a kan turmi a kife, hannu biyu a cinya. Ban dube ta sosai ba. Na wuce gindin bango inda na bar su, na durƙusa, na buɗe ƙwarya na watsa gara a ƙasa. Ta bazu tana ta motsi, fara, mai taushi, irin wadda ake so. Kazar ta taho a guje.

"Ina suke?"

"Mashkura."

"Ina ɗiyan suke, Yaya?"

"Biyu tun da hantsi. Na ƙarshen yanzu da anka kira salla. A hannuna ya cika, ina ta ba shi ruwa. Wallahi ina ta ba shi ruwa."

Na ce, "To."

Ban tashi ba. Kazar ta tsinci gara ɗaya, ba ta haɗiye ba. Ta ajiye, ta yi ƙut-ƙut-ƙut, irin kiran da uwa ke yi in ta samo abu mai kyau. Ta waiga. Ta sake ɗauka, ta sake ajiyewa, ta tona ƙasa da ƙafa, ta ƙara kira da ƙarfi. Ta je bakin akurki da garar a baki ta leƙa, ta dawo. Yaya ta ce in kore ta don Allah, ba ta iya jin wannan. Ban kore ta ba. Gara ta fara neman gindin bango tana shigewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya, kazar kuwa ko guda ba ta ci ba, tana tsaye a kai tana kira.